Kintinkiri a Bakin Bututu

Ni sana'ata kwalliyar wurin taro ce. In za a buɗe sabon ofis ko a ba wani lambar yabo, ni ake kira in lulluɓe kujeru da yadi, in hura balan-balan, in ɗaura jan kintinkirin da babban baƙo zai yanke. Na ɗaura a ƙofar makaranta, na ɗaura a ƙofar bayan gida na kasuwa, duk aiki ne. Amma guda ɗaya ne na taɓa ɗaurawa da mugun nufi, shi ne na bakin rafin unguwarmu, kuma har yau in na tuna shi sai in ji sanyi a raina.

Inna ce sila. Mahaifiyata wanki da guga take yi tun ban san kaina ba, a kan wani faffaɗan dutse da ke bakin rafin bayan gidajenmu. Fararen kaya su ne gwanintarta: rigunan ma'aikatan asibiti, zannuwan gado na masauki, rigunan masu dafa abinci. Tana da irin ninkinta, kusurwa kan kusurwa, ta danne da tafin hannu, har in ka ga kaya a hannun mutum a titi kana iya cewa wannan daga wurin Inna suka fito. Ba ta da gida nata, ba ta da gona. Sunan nan na wanki shi ne duk abin da ta tara.

Sai aka gina kamfanin fenti a bakin rafin, gaba kaɗan da dutsen Inna. Ba a daɗe ba wani ƙaton bututu ya leƙo daga ƙarƙashin katangarsu, cikin ciyawa, yana aman ruwa a rafi. Yau shuɗi, gobe rawaya, jibi wani launi da ko sunansa babu. Hannun Inna ya fara da ƙaiƙayi, ya koma tsagewa, daga nan fata ta shiga saɓulewa. Fararen kaya kuwa sai su fito da zane-zane. Ranar da rigunan asibiti suka bushe da ratsin kore, Inna ta sauke su daga igiyar shanya ta ɓoye su a ƙarƙashin katifa.

Wata 'yar jarida ta gidan rediyo ta zo ta tambaye ta. Inna ta faɗi abin da ta gani, a hankali, har da cewa wataƙila masu kamfanin ba su sani ba ne. Washegari aka gayyato jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin ya ba da amsa. Mu masu aikin taro Almakashi muke ce masa, kuma za ku ji dalili. Muna zaune a tsakar gida, rediyo na kan turmin da Inna ke ɗora kwandon sabulu, muka ji shi da muryar nan tasa mai santsi.

"Bututun nan dai ba namu ba ne, ba mu san shi ba, ba mu san daga inda ya fito ba. Ita kuma baiwar Allah nan, da girmanta da komai, ta je ta koyi wanki. In tsufa ya sa ka cusa farar riga da jan zane a baho ɗaya, kamfani ne zai ɗauki laifi?"

Ya yi dariya, mai gabatarwa ya taya shi. Kafin rana ta faɗi wani ɗan iska ya yanko wurin, ya sa masa kiɗa, ya watsa a waya. Ta je ta koyi wanki, ta je ta koyi wanki. Mai kayan miya yana faɗa wa mai nama, direba yana faɗa wa fasinja. Masu kawo kaya suka janye ɗaya bayan ɗaya, wasu ko sallama babu.

Inna ta kife bahonta a bayan ƙofa, ta naɗe hannuwanta da tsumma, ta shiga ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Maƙwabta su zo gaisuwa ta ce in ce tana barci. Matar da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta gaida mutanen layi ba, sai ga ta zaune a bakin gado tana kallon bango. Ciwon hannun ba shi ne ya kwantar da ita ba, na sani, ita ma ta sani.

Mun gwada hanyar da kowa ke bi. Muka rubuta kwalaye, muka tsaya a ƙofar kamfani muna ɗaga murya. Masu gadi suka rufe ƙofa, rana ta gasa mu, ko ɗan jarida ɗaya bai leƙo ba. Da yamma Almakashi ya ce a rediyo wasu 'yan zaman kashe wando ne suka zo neman abin sawa a baka. Bayan kwana biyu kuma motar kamfani ta sauke wani tankin roba a bakin rafi, da sunansu ɓaro-ɓaro a jikinsa, aka ɗauki hoto, aka tafi. Ba famfo, ba ruwa. Awaki ne suka ci moriyarsa, don yana da inuwa.

Ina kallon tankin nan wata safiya, ga bututun yana ta amansa ɗan nesa kaɗan da shi, sai dabara ta faɗo min. Na tsaya a wurin ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Na san Almakashi, ai ni nake yi wa kamfaninsu kwalliya. Mutum ne da bai yarda da almakashin kowa ba, yana da nasa mai ruwan zinariya, cikin ɗan akwati, kullum a mota. Farar kwat yake sawa, da farin hankici a aljihun ƙirji. Kuma ga halinsa: ba ya kallon abin da zai buɗe. Kyamara yake kallo tun daga fitowarsa mota har ya koma. Akwai ranar da ya yanke kintinkirin da na ajiye a ƙofar ɗakin tsintsiya, ya yi jawabi, aka tafa, sai daga baya aka nuna masa ainihin ƙofar. Jawabin ma ɗaya ne, na haddace shi kamar karatun 'yan aji ɗaya, kuma kafin a yaye labule yake yin sa.

Na tafi wurin Kawu, ƙanen Inna, mai shagon aski a bakin titi. Kawu bakinsa ya fi injin askinsa aiki. Na zayyana masa komai yana tsakiyar yi wa wani gyaran fuska. Ya kashe injin, ya dube ni.

"Ke 'yar nan, wa ya koya miki mugunta haka?"

"Kawu, a rediyo na koya."

"To ni ne mai gabatar da taro. In kika ba wani, ban yafe ba."

Ofishin Almakashi yana hawa na sama, sanyin na'ura kamar ka shiga firji. Bango duk hotunansa ne, kowanne da almakashi a hannu, kowanne da murmushi iri ɗaya. Bai san ni 'yar Inna ce ba. Bai ma taɓa tambayar sunana ba.

"A'a, Madam Balan-balan! Yau kuma me za mu buɗe?"

Na rusuna har ƙasa. "Ranka ya daɗe, matan unguwarmu ne suka aiko ni. Sun ce sun gane kuskurensu. Suna so su yi taron godiya saboda ruwan da kamfani ya kawo musu bakin rafi, kuma sun rantse ba wanda zai buɗe sai kai."

Ya jingina da kujera, fuskarsa ta cika da haske. "Tankin nan ko? Kin gani, talaka yana da kirki in an bi da shi a hankali. Su da suka zo da kwalaye?"

"Su ɗin dai, ranka ya daɗe."

"Wannan ai labari ne. Masu zanga-zanga sun dawo masu godiya. Ki bar min 'yan jarida, ni zan kawo su. Rediyo kai tsaye, talabijin ma zan taɓa su." Ya rage murya. "Tsohuwar nan fa, mai wanki?"

"Tana ɗaki. Ba ta fita."

"Gara haka. Ta huta."

Na ce masa gaskiya ne. Na sauko daga benen ina jin ɗacin yawuna, na yi alkawari a raina sai hannunsa ya ɗanɗani abin da hannun Inna ya ɗanɗana. Wannan shi ne ainihin shirina, kuma ban ɓoye wa kaina ba. In labule ya faɗi, za a ɗebo ruwan bututun a baho, Kawu ya roƙe shi a gaban kyamara ya zama mutum na farko da zai wanke hannu. So nake in ga fatarsa tana saɓulewa.

Muka bi gida gida muna karɓar kayan da ruwan ya ɓata. Ashe kowa yana da nasa a ƙasan akwati: zanen gado mai ratsin shuɗi, rigar makaranta mai ɗigon rawaya, labulen da ya koma kalar hanta. Na yayyanka wasu na ɗinka tutoci ƙanana a jikin igiya, manyan kuma na yi rigunan kujeru da su. Wallahi sun yi kyau, abin haushi. Matan layi suka taru a tsakar gidanmu suna ɗinki suna ƙirƙirar waƙar godiya, kowa na ƙara baiti, ana ta shewa.

Inna na jin mu daga ɗaki. Da na shiga ɗaukar rigunan asibitin nan da ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, sai ta dafe su da hannunta mai tsumma.

"Ina za ki kai su?"

"Igiya za su hau, Inna, duniya ta gani."

"Ki bar ni da kunyata a ɗaki. Sai kin rataye ta a titi hankalinki zai kwanta?"

"Ba kunyarki ba ce, tasu ce."

"Sunan wa ake waƙa da shi a gari? Nasu?" Ta ja rigunan jikinta. "Kin taɓa ji an yi wa mai kuɗi dariya ta kama shi? Za ku yi wasanku, ya yi dariya ya shiga mota, a sake sabon kiɗa da sunana."

Na bar mata rigunan. Na fito na zauna gaban keken ɗinki, na daɗe ban taka shi ba, don maganarta ta shige ni. Amma fushina ya fi tsorona yawa.

Muka zaɓi safiyar da kamfani ke wanke manyan tukwanensa, lokacin da bututun ya fi ƙarfi. Tun da sassafe na kafa rumfa, na jera kujeru, na ja dogon labule daga jikin tankin har ya rufe bakin bututun, yadda duk wanda ya gani zai ɗauka famfunan tanki ne a baya. Na ɗaura jan kintinkiri a gaba, na haɗa shi da igiyar labulen, da an yanke labule zai zube. Mai kiɗa ya ƙure lasifika don kada a ji ƙarar ruwa. Warin kuwa, kwalaben turaren ɗaki muka ƙarar a kansa, duk da haka yana leƙowa. Ranar nan, kore bututun ya zaɓa, kore shar.

Unguwa ta fito kaf. Motocin 'yan jarida suka riga shi isowa, har da 'yar jaridar da ta fara yi wa Inna tambaya. Sannan ga motarsa. Ya fito cikin farar kwat, hankici a aljihu, akwatin almakashi a hannu, idonsa a kan kyamara. Mata suka ɗauki waƙa, mun gode da ruwa, mun gode, ruwan da ba irinsa a gari. Yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Da ya iso rumfa ya shafa rigar kujera, ya ɗaga kai ya kalli tutocin.

"Madam Balan-balan, yau kin ƙure basira. Ai waɗannan launukan kamfaninmu ne sak!"

"Su ne, ranka ya daɗe. Ban sa na kowa ba."

"A ɗauki wannan," ya ce wa mai kyamara. "Har kwalliyar ma launinmu ce."

Kawu ya karɓi abin magana. Ya sa tsohuwar kwat ɗinsa da ta ɗame shi a hammata, ya yi wa Almakashi kirari har sai da na ji tsoro kada ya wuce gona da iri. Ya kira shi uban marasa ruwa, ya kira shi mai hannun alheri, ya ce tun da aka kafa unguwar ba a taɓa samun wanda ya canja mata launi irinsa ba. Mutane na danne dariya, wata ma sai da ta cusa gefen mayafi a baki. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yi.

Aka miƙa masa abin magana. Ya gyara tsayuwa, ya juya wa labule baya, ya fuskanci kyamara. Leɓena na motsi tare da nasa.

"Jama'a, abin da ke bayan labulen nan namu ne. Da hannunmu muka kawo shi, ba wanda ya tilasta mana. Kyauta ce daga kamfaninmu zuwa ga al'umma, kuma muna alfahari da ita."

Ya buɗe akwati, ya ɗaga almakashin sama don ya yi ƙyalli, ya datse kintinkiri. Na yi wa mai kiɗa alama ya kashe sauti.

Labule ya zube. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai bututun yana kwarara koren ruwa, kumfa na taruwa a gindin dutsen Inna. Almakashi bai juya ba tukuna, yana nan yana yi wa kyamara murmushi, sai da ya ga kyamarar ta bar fuskarsa ta koma bayansa.

Mata suka ɓarke da tafi da waƙar godiya. Kawu ya daka tsalle. "Jama'a kun ji da kunnenku! Nasu ne! Da hannunsu suka kawo shi, ba wanda ya tilasta musu! A tafa wa kamfani!" Mai kiɗa ya saki tsohuwar muryar Almakashi ta rediyo, bututun nan ba namu ba ne, ba mu san shi ba. Dariya ta tashi har cikin kamfani, ma'aikatan kamfani na leƙe ta saman katanga. Ni kuwa na ɗebo ruwan a baho, na ajiye a kan tebur gabansa, da sabulu da tawul, kamar a babban masauki.

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, "tunda kai ka buɗe, kai za ka fara sa albarka. Ɗan wanke hannu kawai."

Nan ne na gane ban gama sanin mutumin ba. Fuskarsa ta sauya na ɗan lokaci, sannan ya fashe da dariya, ya fi kowa ƙarfi. Ya tafa mana, ya dafa kafaɗar Kawu.

"Kai, unguwar nan akwai 'yan wasa! Wallahi kun kama ni. Ni tanki nake nufi, kowa ya san tanki nake nufi. Wannan shi ne zumunci tsakanin kamfani da maƙwabtansa, har tsokana muna yi." Ya dubi bahon ya ɗaga hannu biyu. "Wanka kuwa na yi a gida, uwargida ba ta barina in fito haka."

'Yan jaridar da ya kawo suka yi dariya, wannan karon tare da shi. Wasu cikin mutanenmu ma suka dara. Ya fara ja da baya wajen mota, yana wasa da wannan, yana gaisawa da wancan. Na ga abin yana zamewa daga hannuna. Gobe za a ce kamfani da al'umma sun yi raha a bakin rafi. Maganar Inna ta dawo min daidai yadda ta faɗe ta.

Sai na ga mutanen baya suna darewa.

Inna ce. Ta ɗaura tsohon zanenta na aiki, ta rataya rigar asibiti mai ratsin kore a kafaɗa, hannuwa a naɗe da tsumma. Ta rame, hasken rana na sa ta ƙifta ido. Ashe rediyo ta kunna a ɗaki, ta ji komai kai tsaye. Ta tako a hankali har ta tsaya tsakanin Almakashi da motarsa.

"Sannu da zuwa, ɗan nan," ta ce. 'Yar jaridar nan ta farko ta matso da abin magana. "Ni ce tsohuwar da ka ce ta je ta koyi wanki. To na je na koyo. Ara min hankicinka a gani ko na iya."

Bai ba ta ba, bai kuma hana ta ba. Ita ta miƙa hannu ta zare shi daga aljihunsa, ta warware shi ta ɗaga sama, fari tas. Ta nufi teburin. Ya biyo ta, don kyamarori sun bi ta, shi kuma bai iya tsayawa inda babu kyamara ba.

Ta fara kwance tsumman da haƙori. Da hannuwan suka bayyana, wata mata ta yi salati. Ni na saba ganinsu a duhun ɗaki, amma a rana ban taɓa gani ba: ja, a tsattsage, wasu wuraren ba fata. Na gane abin da za ta yi, na ruga.

"Inna, kada ki sa! Don Allah, ba ke aka ɗebo wa ba!"

"Matsa min," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. Ta karkata bahon wajen Almakashi. "Duba da kyau, idona ya tsufa. Akwai jan zane a ciki?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Haba Baba, ai wasa ne..."

"Akwai ko babu?"

"Babu."

Ta tsoma hankicin, ta tsoma hannuwanta har wuyan hannu. Na ga muƙamuƙinta ya ɗaure, jijiyar wuyanta ta miƙe, amma ba ta cire hannuwan ba. Ta goga sabulu, ta cuɗa, ta murza gefe da gefe yadda ta saba, ba gaggawa, kamar tana kan dutsenta da safe. Ba mai waƙa yanzu, ba mai dariya. Ina tsaye kusa da ita hawaye na zuba, ruwan da na ɗebo don hannunsa yana cin nata.

Ta matse, ta yarfe, ta ɗaga. Kore, da ɗan ja-ja a inda yatsunta suka riƙe. Ta shimfiɗa shi a tebur ta ninke, kusurwa kan kusurwa, ta danne da tafin hannu. Sannan ta mayar masa da shi aljihun ƙirji a jiƙe, ta gyara bakinsa ya leƙo yadda yake so, ta ɗan bubbuga. Koren ruwa ya fara gangarowa a farar kwat.

"To faɗa musu, ɗan nan. Wankina ne bai yi ba, ko ruwanka?"

'Yar jaridar ta kai abin magana bakinsa. Ya buɗe baki. Ya dubi kyamara, ya dubi ƙirjinsa, ya dubi hannun Inna. Mutumin da ke cin abinci da baki, ga shi rediyo na kai tsaye, gari duk na saurare, ba abin da ke fita sai ƙarar bututu a bayansa. Ya rufe bakin. Ya juya ya shiga mota, ya bar almakashinsa a kan tebur.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Hoton bidiyon ya zaga wayoyi fiye da waƙar nan ta farko, masu duba tsaftar muhalli suka zo da motocinsu, aka toshe bututun da siminti. Almakashi ba a ƙara jin muryarsa a rediyo ba, an ce an mayar da shi wani ofis da ba taga. Kamfani bai sake kirana kwalliya ba, ban kuwa yi kewarsu ba. Almakashin yana wurina, da shi nake yanke zaren balan-balan. Likita kuma ya gaya mana abin da muke tsoro, cewa hannun Inna ya gama da ruwan sabulu har abada.

Amma ni yammacin ranar na fi riƙewa. Hannuwan sun kumbura kamar an hura su. Na ɗauko magani da auduga na ce ta shigo ɗaki in shafa mata, ta ce a'a, in fito mata da kujera ƙofar gida. Nan ta zauna, a bakin layi, na durƙusa gabanta ina shafawa ina kuka.

"Inna, ni na ɗebo ruwan nan. Da na sani..."

"Ke dai shafa, ki daina jiƙa min ciwo da hawaye."

Mai kayan miya ya zo wucewa, shi da ya fi kowa rera waƙar nan. Ya rage tafiya, ya cire hula, ya rusuna. "Barka da yamma, Inna." Ta bar shi a rusune ɗan lokaci tana kallonsa, sannan ta amsa. Bayansa wasu suka zo, har da ma'aikaciyar asibitin da ta fara janye kayanta, ta tsaya tana murza yatsu ta rasa ta inda za ta fara. Inna ta amsa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, kanta a sama.

Da layin ya ɗan lafa, ta zungure ni da gwiwar hannu, don yatsun ba sa lanƙwasuwa.

"Ina wayar taki? Kunna min hoton taron nan."

"Inna, kin gani har sau nawa."

"Ba duka ba. Kai ni daidai wurin da ya buɗe baki." Na kai ta. Ta matso da fuska, ta ƙura ido, kafaɗunta suka fara rawa da dariya, ga hannuwa a shimfiɗe kan cinya suna tsatsar jini. "Ƙara sautin," ta ce, "maƙwabta ba sa ji."